Tambaya ta Tara

Ranar da Ummulkhairi ta fara ganin Isma'ila ba ta gan shi da kyau ba, domin an shafa wa gilashin da ke idonta sabulu.

A Madarumfa ne, cikin zauren da aka tara ma'aikatan lafiya don ƙarin horo a kan kula da tsofaffi, mako ɗaya a kowane wata har wata huɗu. Ita ta taso daga ƙaramin asibitin wani ƙauye na Safo inda take aikin jinya, kuma ta iso a makare saboda tayar kabu-kabun da ya ɗauko ta ta yi faci a hanya. Tana shiga, mai ba da horon, Dokta Zuwaira, mace gajera mai muryar da ba ta neman lasifika, ta nuna ta da bik ɗin da take rubutu da shi.

"Ke da kika makara, ke ce tsohuwarmu ta yau."

Kafin ta ce uffan an toshe mata kunne da auduga, an zuba mata tsakuwa cikin takalmi, an ɗora mata gilashin sabulu. Aka ce ta taka zuwa ƙarshen zaure ta karɓo magani, don kowa ya ga yadda tsoho ke ji idan ya zo asibiti. Sai aka haɗa ta da wani dogon abu fari-fari, aka ce shi ne ma'aikacin da zai kula da ita.

Dogon abin ya yi magana. Ba ta ji komai ba.

"Ɗan nan, ɗaga murya mana," ta ce da muryar tsofaffi, "ko ba a ba ka kumallo ba?"

Zauren ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya nemo sanda, ya miƙa mata baki ɗaya ya riƙe ɗayan, ya riƙa tafiya a hankali yana jiran ƙafarta, har suka kai. Da ta cire gilashin ta ɗaga kai, sai suka haɗa ido. Shi ya fara sunkuyar da kai. Isma'ila ne, mai jinya daga wajen garin Sarkin Yamma, irin samarin nan da Allah ya zuba wa kunya har ta yi musu yawa.

A ranar Dokta Zuwaira ta faɗi abubuwa biyu da kowa ya rubuta cikin kaye, wato littafin rubutunsa. Na farko, tsoho ba aikin mutum ɗaya ba ne: likita da mai jinya da mai ba da magani da wadda ke dama masa fura a gida, duk ekip ɗaya ne, ƙungiyar aiki ɗaya, kuma abin da ɗaya ya tsallake, sauran sun tsallake ke nan. Na biyu kuwa sai da ta buga tebur.

"In tsoho ya ce maku lahiya lau, gaisuwa ce ya amsa. Ba ku yi tambaya ba tukun."

Da la'asar saƙo ya shigo wayar Ummulkhairi daga lambar da ba ta sani ba.

"Salamu alaikum. Ina fatan tsohuwata ta isa masauki lahiya, kuma tsakuwar ba ta ji mata ciwo ba. Isma'ila."

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta mayar.

"Ta isa. Amma ta manta sandarta a zaure."

"Sandar na nan, ba inda za ta. Duk ranar da aka neme ta za a same ta."

Wato mutumin da ba ya iya haɗa ido da mace, idan ya kama waya sai ya zama wani daban. Kafin makon ya ƙare ta saba da abin: a zaure gaisuwa ce kawai daga nesa, a waya kuma hira kamar sun shekara da sanin juna. A wata na biyu suka fara zama bakin tafki bayan an tashi, suna kallon masunta na jan koma, yana kiranta Tsohuwata tana kiransa Sandata. Ranar da za su rabu ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce yana son zuwa gidansu. Ta ce ai ta ɗauka ba zai taɓa faɗa ba.

Gidan ne bai karɓi maganar da hannu biyu ba.

Ummulkhairi ita ce autar Malam Shu'aibu, dattijo mai shekara kusan tamanin, mai hawan jini da ciwon gwiwa. Ita ke auna shi, ita ke tuna masa magani. Mahaifiyarta, Inna Ɗelu, ta fito fili ta faɗi damuwarta.

"Ma'aikacin gwamnati ne hwa. Gobe a jefa shi Diffa ya tahi da ke. Wa za ya duba tsohon ga?"

Wanta Abdu, direban da ke jigilar kaya zuwa bakin iyaka, shi nasa ya fi zafi, domin yana da ɗan takara. Abokinsa Al'amin ɗan kasuwa ne, gidansu na bayan nasu, kuma ya fi shekara yana kai da kawo wurin Baba da tsaraba, yau dabino gobe turare. Mutum ne mai kirki, wannan ba a raba shi da shi. Ita dai zuciyarta ce ba ta je can ba.

Baba kuwa, da aka kai masa maganar, cewa ya yi, "Mu gani." A gidan nan kalmarsa ce ke yanke komai, kuma Ummulkhairi ta san ba za ta shiga ɗakin kowa ba sai da yardarsa.

A wata na uku Dokta Zuwaira ta raba su bibbiyu, ta ce kowaɗanne su zaɓi tsoho ɗaya su bi shi har gida, su cika takarda mai tambaya goma sha biyu, su kawo mata. Nan Ummulkhairi ta yi wayon da ya kusa cinye ta. Ta ce mahaifinta ta zaɓa, kuma da Isma'ila za su yi tare. So take Baba ya ga hannun yaron a kan aiki. Ba ta gaya wa Dokta abin da ke tsakaninsu ba, ita kuma Dokta ba ta tambaya ba.

Ranar da ya zo, ta tare shi a ƙofar gida da takardar.

"Duba ta tara," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya duba. Tambaya ce a kan fitsari: yana fita da sauƙi, sau nawa, da yunƙuri ko babu.

"Wannan taka ce. Ni ɗiya ce, bakina ba ya iya ɗaukar ta gaban Baba."

"To," in ji shi.

Ta shige ciki wurin Inna tana tambayarta abinci da barci da yadda tsohon ke tashi. Ta ƙofar zaure tana hango Isma'ila. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna can bakin ƙofa, kansa a ƙasa, kamar yadda ya dace da mai neman aure gaban uban yarinya. Abin har ya burge ta. Ya zazzage ledar magungunan Baba, iri goma sha ɗaya, mafi yawa na kasuwa. Ya kira Dokta a waya suka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka bar uku, ya ɗaure sauran ya tafi da su. Da ya fito rigarsa ta jiƙe da gumi. Ta karɓi takardar ta duba layi na tara, ta ga haruffa ukun da ma'aikata ke rubutawa idan babu abin faɗa: RAS. Hankalinta ya kwanta.

Kwana goma aka yi lafiya. Damina ta yi nisa, mura ta kama Baba, aka ce ba komai. Sai ranar Talata da hantsi Inna ta aiko a kira Ummulkhairi daga wurin aiki.

Ta same shi tsaye tsakar gida da fartanya a kafaɗa, wai zai je gonar da ya sayar tun ba a haife ta ba. Da ta kama hannunsa ya dube ta ya kira ta Binta, sunan yayarsa da ta rasu shekara talatin da suka wuce. Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ta auna jininsa, ya ɗan hau. Ta nemi ta taɓa cikinsa, ya buge mata hannu da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

Abdu ya dawo daga hanya da azahar, ya ga uban, sai ya juyo kanta.

"Kin gani ko? Mutum ya shekara yana shan maganinshi lahiya lau, wani ya zo ya kwashe. Ga abin da ya jawo."

"Yaya, da sanin likita aka…"

"Rufe mani baki! Ki gaya mashi kada in sake ganin ƙahwarshi ƙohwar gidan ga. In Baba bai dawo hayyacinshi ba, ni ne waliyyinki, kuma wallahi ba shi ba ke."

Maƙwabta suka fara shigowa. Masu cewa ruɗewar tsufa ce ta zo, masu cewa a nemi malami. Ummulkhairi ta shige ɗaki ta ɗauko takardar nan tana bi layi-layi, tana neman inda suka yi kuskure. Komai ta gani da idonta ko ta ji daga bakin Inna. Layi ɗaya ne kawai ba ta gani ba. Ta kira shi.

"Isma'ila, ta tara. Ka tambaye shi?"



"Na ce mashi, Baba ya jiki. Ya ce lahiya lau."

"Shi ke nan?"

"Na buɗe baki, Ummu, Allah shi ne shaida. Maganar ta ƙi hita. Ubanki ne."

"Sai ka rubuta ƙarya, ka miƙo mani, na karɓa ina murna!"

"Ki saurare ni…"

"Da ka ce ba ka iyawa, da mun nemi wani. Ka bar ni kwana goma ina zaton an duba ubana."

Ta kashe wayar. Haushinsa take ji, kuma haushin kanta ya fi, domin ita ta fara gudun tambayar kafin ta ɗora masa. Saƙo ya shigo.

"Laihina ne, ba ni da abin kare kai. Ki gaya mani halin da shike ciki, ko da ba za ki sake yi mani magana ba bayan nan."

Ta ajiye wayar ta koma wurin Baba.

Washegari abin ya ƙaru. Baba ya daina neman gona, ya kwanta yana nishi, hannunsa na komawa ƙasan cibiya. Ummulkhairi ta zauna kusa da Inna a gindin murhu, ta tuna cewa wadda ke dama fura ita ma 'yar ekip ce, kuma ita ba a yi mata wannan tambayar ba. Ta daure ta sunkuyar da kai.

"Inna, Baba na zagayawa kuwa?"

Inna ta kau da fuska. Ta daɗe tana gyara itacen da ba ya neman gyara.

"Zuwa kam shina zuwa, ba adadi. Sai dai tun jiya butar na dawowa cike."

Ummulkhairi ta miƙe zumbur. Ta kira Dokta Zuwaira ta faɗa mata komai, har abin da ta ɓoye tun farko. Dokta ba ta tsaya faɗa ba.

"Hitsari ne ya tsaya mashi, shi ya ruɗa shi. Yau za a hidda shi, ba gobe ba, in ba haka ba ƙoda za ta taɓu. Motar asibiti ba ta iya zuwa, gulbi ya kawo ya raba hanya. Kina da sondi?"

Sondi ita ce robar da ake sawa a fitar da fitsari. Tasu ta ƙare, shugaban asibitinsu kuma ya tafi Maradi ɗauko kaya, ruwa ya tsare shi can.

"Ko da akwai, Dokta, ubana ne. Ba ya bari in taɓa ko cikinshi."

"To wa ke gehenku na gulbi, namiji, mai hannu?"

Dukansu sun san amsar. Ummulkhairi ta rubuta wa Isma'ila.

"Hitsari ya tsaya. Ka zo da sondi yanzu. Ba don ni ba."

Amsa ta zo nan take. "Ina hanya."

Awa biyu da rabi ta yi tana kai da kawo tsakanin ɗakin Baba da ƙofar gida. La'asar ta yi, nishin tsohon ya fara raguwa, kuma ta san wannan ba sauƙi ba ne. Can sai ga Isma'ila a ƙasa, ba babur. Wani rafi ya tare shi a hanya, ya bar babur ɗin ya ratsa ruwa har ƙirji da jaka a ka. Taɓo ya kai masa gwiwa.

Abdu ya riga ta isa ƙofa.

"Ban ce kada in gan ka ba?"

"Ka ce, Yaya."

"To juya."

Ummulkhairi ta jira ta ga ya sunkuyar da kai kamar kullum. Bai sunkuyar ba.

"Na yi wa Baba laihi, amma ba wanda kake zato ba. Akwai tambayar da ya kamata in yi mashi, kunya ta hana ni. In ka mai da ni yanzu, ba ya kai jibi da ƙodarshi. Ka bar ni in shiga, in na gama ka yi mani duk abin da ka ga dama."

"Kai ka san abin da kake cewa za ka yi wa ubana? Kai da kake neman ɗiyarshi?"

"Na sani."

Daga bayansu Inna Ɗelu ta yi magana, ita da ba a jin muryarta a zaure.

"Abdu, kauce. Kuma ka bi shi ka riƙe mashi ubanka."

Suka shiga su biyu aka saki labule. Ummulkhairi ta tsaya a waje da waya a kunne, Dokta na ɗaya gefen tana jira. Sai ta ji muryar Isma'ila, a sarari, da ƙarfi, yadda tsoho mai nauyin kunne zai ji.

"Baba, ni ne Isma'ila. Hitsari ne ya tsaya maka. Zan ɗaga rigarka in taimake ka. Ka yi haƙuri da ni."

Aka yi kokawa. Ta ji Baba na kiran sunan Allah, ta ji Abdu na cewa sannu Baba, sannu, da muryar da ta karye. Ta toshe baki da gyale. Daga nan shiru. Sai kuma ƙarar ruwa na zuba cikin roba, yana zuba, yana zuba kamar ba zai tsaya ba. Baba ya ja wani dogon numfashi ya sauke.

"Ya hita, Dokta," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta.

Da Abdu ya fito, hular Baba ce a hannunsa. Ta faɗo ne garin kokawa, kuma a cikin naɗinta akwai ƙullin ƙwayoyi ja da fari, an sha fiye da rabi. Isma'ila ya karanta wa Dokta sunan a waya. Maganin mura ne na kasuwa. Hanyar fitsarin Baba dama ta ƙuntata da tsufa, kamar yadda take yi wa maza da yawa, ƙwayar nan ta zo ta ƙarasa toshe ta. Da an san da matsalar tun farko, da an gargaɗi gidan a kan irin wannan magani.

Abdu ya daɗe yana kallon ƙullin.

"Al'amin ya kawo mashi ran Juma'a," ya ce a hankali. "Gabana aka ba shi. Ni ma na ce ya sha."

 Isma'ila ya nuna wa Abdu yadda zai kula da robar, ya nuna wa Inna abin da za ta riƙa lura da shi, ya wanke hannu ya ɗauki jakarsa. Bai nemi ya yi magana da Ummulkhairi ba, ita ma ba ta iya ɗaga ido ta dube shi ba.

A kwana na uku Baba ya kira ta da sunanta ya tambayi inda aka kai masa carbi. Da ruwa ya janye aka kai shi babban asibiti aka duba shi, aka ɗora shi a kan magani. Gida ya cika da masu barka. Al'amin ma ya zo, ya ba da haƙuri har da hawaye, kuma daga ranar ya janye maganarsa da kansa.

Amma murnar Ummulkhairi ba ta cika ba. Abdu ya gaya wa Baba wanda ya yi aikin, bai rage komai ba. Tun daga nan, duk lokacin da aka ambaci Isma'ila, sai tsohon ya juya fuska bango. Inna ta gwada sau ɗaya, ya ce a kawo masa ruwa. Dattijon da ko hularsa bai taɓa cirewa gaban baƙo ba, ta ina zai zauna da wannan yaro a matsayin suruki?

Ta rubuta wa Isma'ila bayan mako guda.

"Baba ya warke. Amma ba ya son jin sunanka."

"Alhamdu lillahi da ya warke. Sauran na san da shi tun ina cikin ruwan nan. Na san in na ɗaga labulen ɗakinshi na rasa ki."

"Ka sani, kuma ka shiga?"

"Da in same ki marainiya ta dalilina, gara in rasa ki da ubanki a raye. Ki yahe mani ta tara, Tsohuwata. Shi kaɗai nike nema."

Ta kifa wayar a cinya ta yi kuka mai isarta. Sonsa bai taɓa kama ta kamar ranar ba, ranar da ta ga babu hanya.

"Na yahe. Ni ma ka yahe mani, ni na ɗora maka abin da na kasa."

A wata na huɗu suka tsaya su biyu gaban zaure a Madarumfa suka ba da labarin, ba su ɓoye komai ba. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijon ma'aikaci ya ɗaga hannu ya ce shi ma bai taɓa yi wa surukarsa irin wannan tambaya ba, kuma shekara shida yana duba ta. Dokta Zuwaira ta ce daga yau, kafin a raba aiki, kowa ya faɗi wanda yake jin kunya, a ba wani. Ta ce ita ma da laifinta, da ba ta tambaya ba.

Ranar da aka ba su takardar kammala horo, Abdu ya kira Isma'ila a waya. Baba na nemansa gobe da hantsi.

Ummulkhairi ta laɓe bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Isma'ila ya yi sallama ya tsuguna bakin ƙofa.

"Matso," in ji Baba.

Ya ɗan matsa.

"Kai, matso nan bisa tabarma. Ni da kai wace nisa ta rage?"

Ya hau tabarmar, kansa a ƙasa. Baba na jan carbi, Abdu na gefe.

"Ran da ka zo da takardarka, na hi wata ina wahala da abin ga. Kana can kana jin kunyata, ina nan ina jin taka. Ko ka tambaya, lahiya lau zan ce maka. Kada ka ɗauki kayan kai kaɗai."

"Na gode, Baba."

"Kada ka yi saurin godiya. Na yi tunani kwana da kwanaki. Ba ni iya surukuta da kai."

Ummulkhairi ta ƙara matso da kunne jikin ƙofar. Ta ji Isma'ila ya ce "To, Baba," da wata murya da ba ta taɓa ji ba.

"Suruki mutum ne da ake gyara zama in ya shigo, a ɓoye mashi ciwo, a ce mashi lahiya lau. Ni kuwa ba ni da sauran abin da zan ɓoye maka. Kuma a shekaruna ba irin wannan mutum nike nema gidana ba. Wanda za ya shigo mani ɗaki kai tsaye nike so, in na yi mashi ƙarya ya gane." Ya juya. "Abdu, ga ƙanenka nan. Ka gaya ma mutanensu su zo ran Juma'a."

Abdu ne ya fara dariya, dariyar da ta haɗu da share ido. Ya miƙa wa Isma'ila hannu ya ce ya yafe masa maganganun ƙofar gida.

"Ke kuma da ke bayan ƙohwa," in ji Baba ba tare da ya waiwaya ba, "gwiwata ce ta mutu, ba kunnena ba. Je ki gaya ma uwarki."

Ta kwasa da gudu kamar yarinya, ta faɗa jikin Inna.

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Kafin nan Isma'ila ya nemi a dawo da shi aiki kusa, aka kuma yarda, hankalin Inna ya kwanta. 'Yan horo suka zo cikin mota guda, Dokta Zuwaira a gaba, ta zauna cikin mata tana yi wa tsofaffin gidan tambayoyin da suka sa su rufe baki da zane suna dariya.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kai ta ɗakin mahaifinta ta yi sallama. Ta durƙusa lulluɓe, ta kasa cewa komai. Baba ya sa aka kira ango daga cikin abokansa, abin da ba a saba gani ba, ya zaunar da shi kusa da ita. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗarsa.

"Allah ya yi maku albarka. Allah ya ba ku zaman lahiya da haƙuri da juna, ya ja kwananku har ku tsufa kamar ni." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "In kun tsufa kuma, Allah ya ba ku ɗiyan da za su zauna kusa da ku su tambaye ku inda ke maku ciwo."

Isma'ila ya ce amin a fili. Ita nata amin ɗin cikin kuka ya fito, ta riƙe hannun tsohon da hannu biyu, sai da Inna ta zo ta ɗaga ta.